Baƙon Cikin Randa

Tsofaffin Kano suna tuna daminar 1988 da ɓallewar madatsar ruwa ta Bagauda da kuma gidajen ƙasa da suka yi ta rushewa a cikin birni. Ni kuwa da wani kwaɗo nake tuna ta. Ina ɗan shekara tara a lokacin, muna zaune a gidanmu na gado da ke unguwar Diso, cikin badala, kuma a bayan katangarmu akwai wani kududdufi da ke cika fal da zarar ruwa ya zauna.

Wanda bai tashi a cikin birni ba zai ɗauka kududdufi ramin ƙazanta ne kawai. Alhali kuwa daga cikinsa aka haƙo ƙasar da aka yi tubalin gidajen unguwa, har ana iya cewa kowane soro da ya tashi sama ya bar raminsa a ƙasa. Haka birnin ya ginu tun zamanin da aka aza harsashin ganuwa a mulkin Sarki Gijimasu. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya rubuta labarin Jakara da ruwayen da ya tarar kwance a tsakanin gidaje. Idan sama ta zubar, waɗannan ramuka ne ke karɓe ruwan lunguna, su riƙe shi har cikin rani. A cikinsu muka koyi iyo a ɓoye, a gefensu muka sha bulala, kuma daga cikinsu ne kukan kwaɗi ke tashi bayan magariba, har sai mai magana a tsakar gida ya ɗaga murya.

Wata ranar Alhamis da babu makarantar allo na kama shi da tsohon kwando. Irin mai santsin jiki ne da dogayen ƙafafu, wanda manya ke kira bududdugi, girmansa ya cika tafin hannuna. Sa'o'ina suna kiwon tattabaru, wasu zomaye, ni kuwa ba ni da kuɗin sayen ko ɗaya. Sai na ƙudura cewa wannan shi ne dabbata. Akwai wata tsohuwar randa ta kakata, wadda muke kira Iya, da ta tsage a wuya aka jingine ta bayan madafa. Na zuba mata ruwan rijiya, na jefa shi ciki, na rufe bakin da faifai na ɗora dutse.

Da daddare na rage lomar tuwona na kai masa. Da safe na tarar da ita ta narke, ruwan ya yi fari, shi kuwa yana maƙale a gefe, hanci a sama, bai ko dubi inda take ba. Na ce wataƙila ba ya son tuwon dawa. Na kawo ƙosai, mai ya taso ya rufe saman ruwan. Ran Juma'a na sadaukar da tsokar nama ɗaya tilo da ta faɗo a rabona, abin da ban taɓa yi wa wani mahaluki ba. Washegari na tsame ta tana wari. Wani abokina ya ce ƙwari suke ci, saboda haka na wuni ina kashe ƙudaje da murfin kwano, na tara su a takarda na juye masa. Suka yi ta yawo a saman ruwa a gaban idonsa, matattu, yana kallonsu kamar bai ga kome ba.

Da na ga ruwan yana ɓaci, sai na shiga wanke randar da sabulu kowace safiya, don na ji ana cewa tsafta tana hana cuta. Ina ciro shi in riƙe a hannu, in shafa bayansa, in yi masa magana, wani lokaci ma in nemi buɗe masa baki da tsinken tsintsiya. Duk abin da na sani na nuna ƙauna na yi masa. Da aka shiga kwana na tara, cinyoyinsa sun zube, ƙasusuwan bayansa biyu sun fito, launinsa ya dushe. Ya daina ma yunƙurin tsalle idan na ɗaga faifan, ni kuwa a wautata na ɗauka ya saba da ni ne.

A ranar ce Iya ta same ni durƙushe a bayan madafa ina hawaye. Ta leƙa randar, ta daɗe tana kallo, sannan ta dube ni da irin wasan da ke tsakanin kaka da jika.

"Maigida, wa ka ɗaure mini a randa?"

"Ba ɗaure shi na yi ba, Iya. Kiwonsa nake yi."

"To madalla. Me ya ci tun da ya zo?"

Na lissafa mata tuwo da ƙosai da nama da ƙudaje. Ba ta yi dariya ba. Ta tuna mini hadisin da malaminmu ya taɓa karantar da mu, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba. Na ce ai ni na ba shi abinci, har namana na ba shi.

"Ka ba shi naka," in ji ta. "Nasa fa?"

Da yammacin ranar aka yi ruwa, ya ɗauke bayan isha'i, shinge suka fito suna kewaya fitila. Iya ta sa na mirgino randar zuwa tsakar gida, na kwantar da ita a gefenta, na zubar da ruwan. Ta ajiye fitilar ƙwai a ƙasa, taku uku daga bakin randar, ta jawo ni kan tabarma ta ce in na motsa sai ta saɓa mini. Muka zauna shiru. Shinge suna faɗowa kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, suna zubar da fukafukai, suna rarrafe. An daɗe kafin ya matso bakin randar, ya kuma daɗe a nan. Can sai wani shinge ya gifta ta gabansa. Ban ga harshensa ba. Abin da na gani shi ne shingen yana nan, sai kuma babu shi, idanun kwaɗon suka lotsa cikin kansa suka sake fitowa. Na ƙirga bakwai. Daga nan ya yi tsalle biyu marasa ƙarfi, ya bi ta rariya, ya fice.

Na yi kuka a daren nan, kuma ba kukan murna ba ne. Haushi nake ji cewa ya ƙi naman da na hana kaina, ya karɓi ƙwaron da ba wanda ya ba shi.

Sai bayan shekaru, da na karanci ilimin halittu a Jami'ar Bayero na kuma zama malamin sakandare, na san sunayen laifuffukan da na yi. A 1959 wasu masana huɗu a Amurka, Jerome Lettvin da abokan aikinsa, suka wallafa binciken da suka yi a kan idon kwaɗo. Sun gano cewa a cikin jijiyoyin da ke kai saƙo daga idon zuwa ƙwaƙwalwa akwai waɗanda ke amsawa musamman ga ƙaramin abu mai duhu da ke motsi. Abin da ba ya motsi ba abinci ba ne a wurinsa, don haka yana iya mutuwa da yunwa a tsakiyar matattun ƙwari. Ƙudajen da na wuni ina kashewa, kashe su ɗin ne ya fitar da su daga sahun abinci.

Na kuma koyi cewa kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fatarsa yake tsotsa, musamman ta ƙasan ciki, kuma ta fatar yake yin wani ɓangare na numfashinsa. Ke nan sabulun da nake wanke randa da shi, da man ƙosai, da gishirin gumin hannuna, duk cikin jikinsa suke shiga. Jikinsa ba ya haɗa ɗumin kansa, yana bin na wurin da yake ne, shi ya sa sanyi ke rage masa narkar da abinci har ya daina nema. Ita kuwa randa an yi ta ne don ta sanyaya ruwa. Yana buƙatar tudun da zai hau ya huta da maɓoyar da zai shige, ni kuwa na bar shi a ruwa mai zurfi tsakanin bango mai sulɓi. Hannun da nake shafa shi da shi, a wurinsa bakin maciji ne ko na shamuwa, kuma dabbar da ke jiran a cinye ta ba ta tunanin ci. Lotsawar idon nan da na gani ma tana da dalili: da ƙwayar idonsa yake taimaka wa kansa tura abinci zuwa maƙogwaro. A Turai da Amurka, inda ake kiwon kwaɗi a akwatunan gilashi ana saya musu gyare mai rai, shawarar farko da ake ba wanda nasa ya ƙi ci ita ce ya duba ɗumin wurin da danshinsa da ruwansa, ya kuma daina taɓa shi. Sai an gama da waɗannan ake zargin cuta.

Shekara da shekaru ina ba ɗalibaina wannan labari, suna dariyar yaron da ya ba kwaɗo ƙosai. Ina rufe darasin da cewa idan dabba ta ƙi ci, a fara tambayar wurin da aka ajiye ta kafin a tambayi abincin. Na ɗauka na haddace darasin.

A daminar 2012 bangon ɗakin Iya ya zube. Kududdufin bayan gidanmu ya riga ya tafi: da farko ya zama juji, leda da shara suka cinye rabinsa, daga baya aka cike sauran aka yi gini a kai. Ruwan da ya saba gangarawa can bai sami labari ba, ya ci gaba da zuwa, da bai tarar da masaukinsa ba sai ya kwanta a gindin katangarmu. Allah ya kiyaye, tana ɗakin maƙwabta lokacin da abin ya faru. Ta haura shekara tamanin, mahaifinmu ya rasu, ni da yayana ne a kanta. Muka yanke shawara ta koma gidana a Rijiyar Zaki, can bayan Ƙofar Kabuga.

Na gyara mata ɗakin da ya fi kowanne kyau. Tayil a ƙasa, banɗaki a ciki, fanka, katifa sabuwa, har da talabijin. Gidan yana da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, ba mai shigowa sai ya ƙwanƙwasa. Matata, Allah ya saka mata, ta riƙe ta kamar uwar da ta haife ta. Da safe kunun gyaɗa, da rana tuwon shinkafa miyar taushe, da dare farfesun kaza, a jera a faranti a rufe a kai mata har gaban gado, a ja mata ƙofa don ta ci a natse. Sai ta yi loma biyu ta ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Muka sauya girki, muka sayo fura daga cikin gari, muka kawo kifi, muka kawo 'ya'yan itace. Bayan wata biyu awarwaron da ya shekara arba'in a wuyan hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Na kai ta asibiti. Aka auna jini, aka ɗauki hoto, ba a sami kome ba sai hawan jinin da ta daɗe da shi. Aka rubuta mana maganin buɗe ciki. Na shiga zama a gabanta da cokali ina lallashi, wani lokaci har da ɗaga murya.

"Iya, don Allah ki ƙara ko loma ɗaya ce. Me kike so ba a kawo miki ba?"

"Maigida, ai ba abin da kuka rage ni da shi. Allah ya yi muku albarka."

Gaskiya ta faɗa, kuma wannan gaskiyar ce ta rufe mini ido. Ina ta lissafin abin da na bayar, kamar yadda na taɓa lissafa tuwo da ƙosai da nama.

Rasuwar wata maƙwabciyarmu ta dā ce ta sa na mayar da ita Diso ta'aziyya. Na bar ta cikin mata na zauna a zaure. Da la'asar ta yi na shiga kiranta, kasancewata ɗan unguwa da ba a yi wa shamaki. Na same ta a kan tabarma tsakanin tsofaffi uku, ta tsayar da wata yarinya mai tallan rama, tana yi mata tsiya cewa ƙuli-ƙulin ya yi kaɗan, a zamaninsu ba haka ake kwaɗa rama ba. Aka juye a kwano ɗaya, hannu huɗu suka shiga. Ana ci ana gardamar wace ce ta riga wata aure, yara suna gilmawa, akuya tana leƙe, almajiri yana bara a bakin ƙofa. Iya ta suɗe yatsunta ta tambaya ko mai dafaffen rogo ta wuce. Ramar da ba ta kai kuɗin ƙafar kaza ɗaya ba, ta ci fiye da abin da ta ci a gidana cikin kwana uku.

Na tsaya a bakin ƙofar nan kunya ta rufe ni. Mutum ba kwaɗo ba ne, kuma Iya ta fi ƙarfin a kwatanta ta da dabba. Amma ni ɗin dai ni ne, yaron nan mai faifai da dutse. Tun da aka kawo ta gidan amarya ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai a rufaffen ɗaki ba. Ci a wurinta yana tafe da hayaniya, da ciniki, da miƙa wa wani loma, da sanin wanda ya dafa da wanda zai zo ya karɓi saura. Na raba abincin da duk waɗannan na kawo mata shi a faranti. Ba za ta iya cewa ba ta son gidan jikanta ba, kunya da kara sun hana. Cikinta ne ya faɗa a madadinta, wata biyu yana faɗa, ni kuwa ina nema masa magani.

Da na gaya wa yayana cewa ina so a mayar da ita, ransa ya ɓaci, kuma hujjojinsa ba na banza ba ne. Ya ce gidan ƙasa ne da ruwa ya riga ya nuna wa hanya. Ya ce lungun ko a-daidaita-sahu ba ya shiga, idan ciwo ya tashi da dare yaya za a yi. Ya ce duniya za ta ce mun gaji da ita mun yar. Na ce masa a gidana tana da likita kusa amma tana ƙarewa a gabanmu. Muka kai maganar gabanta, ta sunkuyar da kai ta ce duk abin da muka yanke daidai ne, amma a karon farko cikin wata biyu na ga ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Muka tayar da ɗakin da bulo da siminti, muka haƙa magudana, muka samo wata 'yar uwa da mijinta ya rasu ta zauna da ita. Awarwaron bai koma inda yake dā ba, amma ya daina zamewa. Ta ƙara damina biyu a gidan. Duk Juma'a idan na zo sai na tarar da kwano a gabanta da wani a gefenta, sai ta ce, "Maigida, sa hannu, ko amaryarka ta hana ka cin na tsohuwa?"

Abin da yayana ya ji tsoro kuma ya faru. Cikin hunturu, wajen ƙarfe biyun dare, numfashinta ya sarƙe. Kafin a kira ni, kafin in iso, kafin mu ɗauko ta a kan kujera mu bi lungu da fitilar waya zuwa bakin titi, lokaci ya tafi. Ta cika a asibiti kafin kiran assalatu. Kwana ya ƙare, haka muka yi imani, haka kuma muka gaya wa juna. Yayana bai taɓa ce mini kome ba, ko a ranar ko bayanta. Sai dai har yau idan muka zauna mu biyu, tsawon lungun nan yana tsakaninmu. Na karɓi wannan a matsayin kuɗin abin da na zaɓa. Da za a mayar da ni baya, hanyar zan sake bi, domin na ga yadda wata biyu na kariya suka yi da ita, na kuma ga yadda shekara biyu na kasada suka yi.

Yanzu an kulle gidan da kwaɗo, irin na ƙarfe, kuma shi kaɗai ne kwaɗon da ya rage a wajen. Idan na bi ta unguwar bayan magariba a tsakiyar damina, injin janareta nake ji. Wani babban nazari da aka fitar a 2023 ya nuna cewa kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'in kwaɗi da danginsu a duniya suna fuskantar barazanar ƙarewa, kuma lalacewar mazauninsu ce kan gaba a cikin dalilan. Ba sai na je dazukan wata nahiya ba kafin in gaskata. A cikin badala mun cike musu gidaje mun gina namu, ruwan kuma yana biyo mu har ɗaka yana neman inda muka kai ramukansa.

A daminar bara autata ta shigo da gorar roba a hannu, cike da ruwan kwata, talibambam biyar suna kaɗa jela a ciki. Ta ce kiwonsu za ta yi, ta ma riga ta marmasa musu biskit. Na bar ta ta kwana da su dare ɗaya. Washegari na ɗauke ta a mota muka shiga neman kududdufi, abin da a zamanin yarintata ba ya buƙatar ko takalmi. Biyu da na sani mun tarar da shaguna a kansu. Sai a na uku, a gindin wani guntun badala da ya tsira, muka sami ruwa kore da gansakuka, leda tana yawo a gefe, amma da rai a cikinsa. Ta durƙusa ta karkata gorar a hankali, suka fita ɗaya bayan ɗaya suka nutse.

Ta daɗe tana kallon inda suka ɓace, sannan ta ɗago.

"Abba, to wa zai ba su abinci a nan?"

Na ce mata ba kowa, nasu yana ciki. Ta ce ba ta yarda ba. Na ce ni ma sai da na shekara talatin da uku kafin in yarda, ta miƙo hannu in jawo ta, magariba ta kusa.